Yadda Ake Zaɓen Kwamfutar Tafi-da-gidanka Mai Sauƙin Kuɗi

Gabatarwa

A shekarar 1981 wani kamfani a Amurka ya fitar da wata na'ura mai ƙwaƙwalwa da ya sa wa suna Osborne 1, wadda aka yi wa mariƙi kamar akwatin keken ɗinki domin mutum ya iya tafiya da ita. Nauyinta ya kusa kilo 11, girman allonta inci 5 ne kacal, kuɗinta kuwa dala 1,795. A yau jikokinta, wato kwamfutocin tafi-da-gidanka, nauyin yawancinsu bai wuce kilo 2 ba, kuma mafi rauni a cikinsu ta ninka waccan ƙarfi sau dubbai.

Wannan na'ura ta zama abin buƙata a gidaje da yawa. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka ɗalibin da hannunsa bai saba da madannai ba yana shiga ɗakin jarrabawa da nakasu. Malami ma yana buƙatarta wajen tsara darasi da haɗa makin ɗalibai. Sai dai kuɗinta ba kaɗan ba ne, sau da yawa albashin watanni ne ake tarawa kafin a saye ta, kuma farashinta yana bin canjin dala. Wanda ya yi kuskuren zaɓe zai daɗe bai farfaɗo daga asarar ba. Don haka ya kamata mai saye ya san sassan na'urar da amfanin kowane ɗaya kafin ya je kasuwa.

A Fara da Sanin Aikin da Za a Yi

Tambayar farko ita ce, wane aiki za a sa na'urar? Aikin gida na yau da kullum bai wuce buga rubutu, da lissafi a jadawali, da karanta littattafai, da bincike a intanet, da kallon darussa na bidiyo, da ganawa da 'yan'uwa na nesa ba. Duk waɗannan ba sa buƙatar na'ura mai tsada. Masu tsadar an yi su ne domin masu zanen gine-gine da masu tace fina-finai da masu manyan wasannin kwamfuta. Wanda ya sayi irin wannan domin buga takarda ya yi daidai da wanda ya sayi tirela domin kai yara makaranta. Haka kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado, domin akwai na'urorin da aka rage wa kuɗi ta hanyar rage musu abin da aiki ba ya yiwuwa sai da shi.

Ƙwaƙwalwar Sarrafawa

Ana iya kwatanta kwamfuta da shagon tela. Telan shi ne ƙwaƙwalwar sarrafawa, wato furosesa. Teburin da yake shimfiɗa yadi ya yanka shi ne ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM. Kantar da yake jera yadika da ɗinkakkun kaya kuwa ita ce ma'ajiya. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, aikin shagon gaba ɗaya ne zai yi nawa.

Kamfanoni biyu ne suka fi ƙera furosesar kwamfutocin da ake samu a kasuwa, wato Intel da AMD. Na Intel su ne Core i3 da i5 da i7, na AMD kuwa Ryzen 3 da 5 da 7. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin suna zaton duk wata i7 ta fi duk wata i5. Alhali kuwa ƙarnin da aka ƙera furosesa a cikinsa ya fi wannan lamba muhimmanci, kuma yana rubuce a farkon lambobin da ke bin sunan. Alal misali, i7-4600U ta ƙarni na 4 ce, an fitar da ita a 2013, kuma cibiyoyin aiki 2 gare ta. Ita kuwa i5-8250U ta ƙarni na 8 ce, ta fito a 2017, tana da cibiyoyi 4, kuma ta fi waccan sauri nesa ba kusa ba. Domin aikin gida, i3 ko i5 daga ƙarni na 8 zuwa sama ta wadatar, haka ma Ryzen 3 ko 5 daga jerin 3000 zuwa sama. Masu suna Celeron da Atom kuwa suna saurin gajiya da zarar an haɗa musu ayyuka biyu ko uku.

Tebur da Kanta

Ana auna RAM da ma'ajiya da gigabayit. Bayit ɗaya ya yi kusan daidai da harafi ɗaya na rubutu, gigabayit ɗaya kuwa bayit miliyan dubu ne. Idan teburin tela ƙarami ne, dole ya riƙa naɗe wani yadi ya mayar kanta kafin ya shimfiɗa wani. Haka kwamfuta ke yi idan RAM ya yi mata kaɗan, shi ya sa ake ganin ta tsaya cik idan an buɗe shafukan intanet da yawa. Gigabayit 4 ya yi kaɗan a yanzu, 8 shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a nema, 16 kuwa zai kai na'urar shekaru masu yawa. Yana da kyau a tambaya ko ana iya ƙara RAM daga baya, domin a wasu na'urorin an like shi ne da dalma a jikin babban allon lantarki, ba ya ciruwa.

Ma'ajiya iri biyu ce. Tsohuwar ita ce HDD, wadda faifai ne mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karanta bayanai a kansa. Sabuwar kuwa ita ce SSD, wadda ba ta da wani abu mai motsi a cikinta. HDD na karanta kimanin megabayit 100 a daƙiƙa, SSD ta gama-gari na kaiwa 500, nau'in da ake kira NVMe kuma yana haura 3,000. Bugu da ƙari, SSD ta fi jure jijjiga da faɗuwa, kuma ba ta cin batir sosai. Saboda haka SSD mai gigabayit 256 ta fi HDD mai gigabayit 1,000 amfani ga mai aikin gida, domin ana iya ajiye finafinai da hotuna a wata ma'ajiya ta waje. Akwai kuma wata mai suna eMMC, mai gigabayit 32 ko 64, da ake sa wa na'urori mafiya araha. Wannan takan cika tun ba a je ko'ina ba, kuma galibi ba a iya canza ta.

Allo da Madannai

Ana auna allo daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Inci 14 ya dace da mai yawo da na'ura a jaka, inci 15.6 kuma ya fi daɗi idan mutum biyu ko uku za su kalla tare. Hoton da ke kan allo tarin ɗige-ɗige ne. Allo mai 1366 sau 768 yana da ɗigo miliyan 1 da 'yan kai, mai 1920 sau 1080 kuwa yana da sama da miliyan 2, don haka rubutu ya fi fitowa sarai a kansa. Allon da ake kira IPS launinsa ba ya dushewa idan an kalle shi daga gefe.

Madannai ma abin dubawa ne. Na'urar da ta fito daga Ingila ko Amurka layin haruffanta na sama yana farawa da QWERTY, ta Faransa da AZERTY, ta Jamus kuma da QWERTZ. Ɗalibin Nijeriya ya fi dacewa da QWERTY, na Nijar mai karatu da Faransanci kuwa AZERTY ce ta fi masa. Game da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sai an sayi madannai na musamman ba, domin Windows tana da tsarin madannan Hausa da ake kunnawa a sashen harsuna.

Batir da Zafi

Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, batir shi ne ran na'ura. Ana auna shi da wat-awa, kuma yawancin na'urori suna da tsakanin 40 da 60. Lissafin ba shi da wuya. Idan batir yana da wat-awa 45, na'urar kuma tana jan wat 9 a lokacin rubutu, to za ta yi awa 5. Furosesar Intel ko AMD da lambarta ta ƙare da harafin U an yi ta ne domin tsimin wuta. Batirin litiyam yana raguwa da amfani, bayan an cika shi an ƙarar sau 300 zuwa 500 yakan koma wajen kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Zafi yana gaggauta wannan lalacewa, abin da ya kamata a kula da shi a bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Kada a ɗora na'ura a kan katifa ko filo, domin suna toshe kafofin shan iska. Ƙurar hunturu ma takan taru a fankar ciki, saboda haka yana da kyau a kai ta wurin mai gyara ya share ta a kalla sau ɗaya a shekara.

Manhajar Gudanarwa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, wato gyare-gyaren da ke toshe ɓarakar da ɓarayin intanet ke bi. Magajiyarta Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana neman RAM a kalla gigabayit 4, da ma'ajiya gigabayit 64, da wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0, sa'an nan kusan duk furosesar Intel da ta yarda da su daga ƙarni na 8 suka fara. Wannan shi ne dalili na biyu na guje wa abin da ya gaza wannan ƙarni. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwar na'ura yana iya sa mata Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne, tare da LibreOffice domin rubutu da lissafi. Na'urorin Chromebook suna da araha, amma yawancin aikinsu ya dogara da intanet, kuma ba sa ɗaukar manhajojin Windows.

Sabuwa ko Ta Hannu

Manyan ma'aikatu a Turai da Amurka sukan sauya kwamfutocinsu bayan shekara 3 ko 4, waɗannan ne kuma ke zuwa kasuwannin Legas da Kano da Abuja a matsayin na hannu. Irin su Lenovo ThinkPad da Dell Latitude da HP EliteBook an ƙera su da ƙwari, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Sau da yawa ta hannu daga cikinsu ta fi sabuwa mai araha aiki. Amfanin sabuwa shi ne sabon batir da garanti, wanda galibi na shekara 1 ne.

Mai sayen ta hannu kada ya yi cinikin biri a sama. Ya kunna ta da hannunsa, ya shiga sashen bayanin na'ura ya ga sunan furosesa da yawan RAM, domin takardar da aka manna a jiki ba hujja ba ce. Ya danna kowane harafi, ya gwada kowace kafa da filashi, ya gwada kyamara da lasifika da kama intanet. Ya buɗe farin shafi ya duba ko akwai tabo ko zane a allo, ya buɗe murfin ya rufe ya ji ko mahaɗinsa ya yi sako-sako. Idan aka rubuta umurnin powercfg /batteryreport a Windows, na'urar za ta fitar da rahoto mai nuna ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage masa. Ya kuma tabbata babu kalmar sirri ta tsohon mai ita ko makullin wata ma'aikata a kanta. Daga ƙarshe ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin gwaji da aka amince, domin rasit ne zai kare shi idan na'urar ta zama ta sata ko ta lalace da wuri.

Kammalawa

A taƙaice, na'urar da ta dace da gida ita ce mai furosesa i3 ko i5 daga ƙarni na 8, ko takwararta ta Ryzen, da RAM gigabayit 8, da SSD gigabayit 256, da allo mai 1920 sau 1080, da batirin da zai yi awa 4 ko fiye. Idan kuɗi bai kai ga duka ba, a sassauta a kan girman ma'ajiya da kyan jiki, amma a riƙe SSD da RAM. Ya kamata kuma a ware wani abu daga cikin kuɗin domin jaka mai laushi da na'urar kariya daga hauhawar wuta. Ɗalibin da ya rubuta waɗannan ma'aunai a takarda ya tafi da su kasuwa, tare da malaminsa ko wani da ya san na'ura, zai iya tambayar mai shago abin da ya dace, ya kuma gane amsar da aka ba shi.