Wasannin Kwaikwayon Filifin a Gidajen Lafiya: Dalilai da Tasiri

A da, in aka ce fim ɗin waje a Arewa, Indiya ake nufi. Yanzu a gidaje masu dikoda a Lafiya ta jihar Nasarawa da kewayenta, har da Azuba, wasannin kwaikwayo masu dogon zango na ƙasar Filifin sun samu gindin zama, musamman a wurin mata da 'yan makaranta.

Dalili na farko hanyar shigowa ce. Kamfanin StarTimes na ƙasar Sin, wanda ya haɗa gwiwa da NTA a 2010, ya kawo dikoda mai sauƙin kuɗi da ke aiki da eriya, ya kuma cika tashoshinsa na Novela E da wasannin Filifin waɗanda aka ɗora wa muryar Turanci.

Na biyu, masu kayan da kansu suka fito talla. Gidan talabijin na ABS-CBN ya fara jan hankalin Afirka da Pangako Sa 'Yo na shekarar 2000, wanda aka nuna da sunan The Promise. Da hukumomin Filifin suka rufe tasharsa ta kyauta a watan Mayun 2020, kasuwar ƙetare ta ƙara zama abin dogaronsa.

Na uku, kuma mafi ƙarfi, shi ne labarin. 'Yar talaka ta so ɗan mai kuɗi, uwarsa ta ce sam; an raba yaro da iyayensa tun yana jariri; 'yan uwa na rikicin gado. Ko Brothers, wato Ang Probinsyano na Coco Martin, da aka yi ta haskawa daga 2015 zuwa 2022, labarin ɗan sanda ne ɗan ƙauye da ya maye gurbin ɗan tagwayensa da aka kashe, yake fafatawa da manyan ɓarayi. Mai kallo a Najeriya ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan.

Tasirin ya zo da fuska biyu. A gari irin Lafiya, inda Eggon da Alago da Barebari da Hausawa ke cuɗanya, Turancin wasannin ya sa maƙwabta masu harshe daban suna taruwa kan shiri ɗaya, su kwana suna muhawarar wa ya ci amanar wa. Amma Turancin nan shi ne kuma iyakarsu, domin finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa a Kano sun fi su kutsawa ƙauyuka. Iyaye na kokawa kan sutura da rungume-rungume, magidanta kuma kan kuɗin kati da man janareta. Da yake wasannin ba su da rawa da waƙa, ba su shiga kiɗan Hausa ba kamar yadda Indiya ta yi.

Inda gasar ta tsananta shi ne lokacin mai kallo. Wasannin Kannywood irin su Kwana Casa'in da Labarina da Izzar So na neman sa'o'in daren da wasannin Filifin ke ci. Darasin da ya rage wa Kannywood na kasuwa ne: 'yan Filifin suna shirya wasa da harshensu na Tagalog, sannan su biya a ɗora masa wata murya don ya tsallaka teku. Finafinan Hausa kuwa har yanzu fassarar ƙasan allo akasarinsu ke dogaro da ita, alhali a jihar Nasarawa kaɗai akwai masu kallon da muryar Turanci mai kyau za ta jawo.