Baƙi a Amurka: Rigimar cikin gidan Rifablikan da ta taɓa bizarmu

A watan Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka a Najeriya ya sanar da cewa yawancin bizar ziyara da zai riƙa bai wa 'yan ƙasar nan ta koma ta wata uku, kuma shiga ɗaya tak. Kafin nan ta shekara biyar ake bayarwa, mutum ya shiga ya fita yadda ya ga dama. Wata guda kafin wannan sanarwa, Cadi da Sudan sun faɗa cikin jerin ƙasashe 12 da aka rufe wa 'yan ƙasarsu ƙofa. Uwar da ke da ɗa mai karatu a can, ko 'yar da take sa ran zuwa yi wa zaman jego, ba ta buƙatar a yi mata bayanin nauyin wannan labari.

A hirarrakinmu na WhatsApp amsar guda ce: ai Trump ne. Gaskiya ne shi ke kan kujera. Sai dai Trump ya tarar da rigimar ne tana ci, kuma ba tsakanin jam'iyyarsa ta Rifablikan da 'yan Dimokrat ta fi zafi ba. A cikin gidan masu ra'ayin riƙau ɗin kansu aka fi fafatawa, kusan shekara arba'in ke nan, kuma ɓangaren da ya yi nasara shi ke tsara dokar da ke shafar mu yanzu.

Alkawarin 1986

Mai yiwuwa wasunku za su yi mamaki idan suka ji cewa afuwa mafi girma da aka taɓa yi wa baƙin haure a Amurka, ɗan Rifablikan ne ya sa mata hannu. Ronald Reagan ne, wanda masu ra'ayin riƙau ke ɗauka gwarzonsu har gobe. A watan Nuwamban 1986 ya amince da dokar da ta bai wa mutum kusan miliyan 2.7 takardun zama. Yarjejeniya ce mai ƙafa biyu: a halatta zaman waɗanda suka daɗe a ƙasar, sannan a riƙa hukunta duk kamfani ko manomin da ya ɗauki marar takarda aiki da saninsa.

Ƙafa ta farko ta tsaya, ta biyu ta gurgunce. Takardun bogi suka cika kasuwa, masu ɗaukar aiki suka riƙa kau da kai, hukuma ma ba ta matsa ba. Zuwa 2007 marasa takardu sun kai kimanin miliyan 12. Tun daga nan kalmar afuwa ta zama zagi a cikin jam'iyyar. Duk wanda ya sake kawo shawarar a halatta zaman baƙi, amsar da yake samu ita ce an taɓa yi mana wannan alkawari.

A ganina wannan ƙorafi yana da tushe, kuma duk mai son fahimtar mutanen nan sai ya fara daga nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Gida ɗaya, buƙata biyu

Jam'iyyar ta ƙunshi mutane iri biyu da buƙatarsu ba ta haɗuwa a kan wannan batu. Akwai manyan manoma, masu gine-gine, masu otal da mahautan zamani da kamfanonin kwamfuta. Waɗannan suna son hannaye. Alƙaluman gwamnatin Amurka da kanta sun nuna kusan huɗu cikin goma na leburorin da ke aikin amfanin gona ba su da izinin aiki. Tare da su akwai wasu shugabannin coci da ke ganin raba iyali zunubi ne.

Ɗaya ɓangaren kuma talakawan masu zaɓe ne, da yawansu ba su yi jami'a ba, waɗanda ke ganin baƙi na karya musu farashin aiki, ana cika musu makarantu da asibitoci, kuma wanda ya tsallako ta ɓarauniyar hanya na neman ya riga wanda ya bi layi. Akwai kuma masu tsoron sauyin launi da harshe da addinin ƙasar, ko da ba kowa ke faɗin haka a fili ba. Kuɗin kamfe yana hannun ɓangare na farko. Ƙuri'ar zaɓen fidda gwani tana hannun na biyu.

George W. Bush, wanda ya yi gwamnan jihar Tekzas mai iyaka da Meziko, yana tare da na farko. Ya yi ƙoƙarin gyaran doka a 2007, amma ƙudurin ya mutu a majalisar dattawa, kuma yawancin sanatocin jam'iyyarsa ne suka juya masa baya.

Shekarar da aka kusa

A zaɓen 2012 Mitt Romney ya ce mafita ita ce a ƙuntata wa marasa takardu har su tattara kayansu su tafi da ƙafarsu. Ya sha kaye a hannun Obama, kuma cikin 'yan asalin Latin Amurka kashi 27 kawai ya samu, Obama ya kwashi kashi 71. Hankalin shugabannin jam'iyyar ya tashi. A watan Maris na 2013 suka fitar da rahoton binciken kai, wanda 'yan jarida suka laƙaba wa sunan binciken gawa (mu ma'aikatan asibiti mun san abin da wannan ke nufi). Rahoton ya ce dole jam'iyya ta rungumi gyaran dokar shige da fice, in ba haka ba za ta yi ta ƙanƙancewa.

Sanatoci takwas suka zauna, huɗu daga kowace jam'iyya. Na Rifablikan su ne John McCain, Lindsey Graham, Jeff Flake da Marco Rubio, matashi ɗan baƙi daga Kyuba wanda ake ganin shi ne gaban jam'iyya. Ƙudurin da suka rubuta ba mai sauƙi ba ne ga baƙi. Marar takarda sai ya biya tara, ya biya harajin baya, a binciki tarihinsa, sannan ya jira kimanin shekara 13 kafin ya zama ɗan ƙasa. An ƙara da ɗaukar jami'an kan iyaka kusan dubu 20 da shinge mai tsawon mil 700. Akwai abu biyu a ciki da suka shafi 'yan Afirka kai tsaye: zai soke cacar bizar nan da muka saba cikewa a shagon intanet duk shekara a da, zai kuma hana ɗan ƙasa ya ɗauko yayansa ko ƙaninsa.

Ranar 27 ga Yunin 2013 majalisar dattawa ta amince da shi da ƙuri'a 68 da 32, har da 'yan Rifablikan 14. Daga nan bai ƙara motsi ba. Kakakin majalisar wakilai John Boehner ya ƙi kawo shi a jefa ƙuri'a, saboda yawancin 'yan jam'iyyarsa a zauren ba sa so.

Abin da ya binne shi ya faru ne a wata mazaɓa a jihar Bajiniya. A watan Yunin 2014 Eric Cantor, mutum na biyu mafi ƙarfi a majalisar wakilai, ya faɗi zaɓen fidda gwani a hannun Dave Brat, wani malamin tattalin arziki da kusan ba wanda ya san shi. Cantor ya kashe miliyoyin daloli, Brat bai kashe ko kashi goma na wannan ba. Babban makamin Brat shi ne zargin cewa Cantor na sassauci ga baƙin haure. A daidai lokacin ne kuma dubban yara daga Honduras, Gwatemala da El Salbado ke isowa kan iyaka ba tare da iyayensu ba. A shekarar, jimillar yaran da suka iso kan iyaka ba tare da iyayensu ba daga dukkan ƙasashe ta kai kimanin dubu 68. Kowane ɗan majalisa ya karanta darasin: in an kayar da Cantor, ba wanda ya tsira.

Shekara guda bayan haka Trump ya fito takara da maganar katanga. Rubio ya janye jikinsa daga ƙudurin da ya rubuta da hannunsa, duk da haka Trump ya kayar da shi a jiharsa ta Filorida a 2016. Flake bai sake tsayawa a 2018 ba. Sanata Jeff Sessions, wanda ya jagoranci yaƙi da ƙudurin, ya zama ministan shari'a, hadiminsa Stephen Miller kuma ya shiga fadar shugaban ƙasa. Shi kuwa Rubio, shi ne sakataren harkokin waje tun Janairun 2025, wato ma'aikatarsa ce ke bayar da biza da hana ta.

Inda abin ya taɓa yara

Nan ne na fi son mu tsaya. A bazarar 2018 gwamnati ta fara gurfanar da duk babban da ya tsallako iyaka ba izini. Tun da ba a kai yaro gidan yari tare da uwarsa, sai a raba su. An raba dubban yara da iyayensu, har da na goye, kuma ba a ajiye cikakken bayanin da zai sa a sake haɗa su cikin sauƙi ba. Shekaru bayan haka lauyoyi na ta neman iyayen wasu ɗaruruwa.

Duk wadda ta yi aiki a ɗakin yara ta san yadda ɗan shekara biyu ke yi idan uwarsa ta fita sayo magani kawai. Kuka, ƙin abinci, daga baya shiru, kuma shirun ya fi kukan ba mu tsoro. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗin cewa irin wannan firgita na iya yi wa ƙwaƙwalwar yaro illa mai ɗorewa. Wannan karon har cikin gida aka yi tawaye: Laura Bush, matar tsohon shugaba, ta rubuta cewa rashin imani ne, manyan malaman coci da ke goyon bayan Trump ma suka yi tir. Ranar 20 ga Yunin 2018 ya sa hannu a dakatar. Ni dai a nan na ja layi. Ƙasa na da haƙƙin ta ce wane zai shiga, wane ba zai shiga ba, amma wannan haƙƙi bai kai ga cire jariri daga bayan uwarsa don a tsorata wasu ba.

Akwai kuma batun asibiti. Wata doka ta 1986, ita ma Reagan ne ya sa mata hannu, ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba duk wanda ya zo, mai naƙuda ko mai hatsari, da kuɗi ko babu, da takarda ko babu. An daɗe kuma ana bin ƙa'idar cewa jami'an shige da fice su guji kame a asibiti, makaranta da wurin ibada. A Janairun 2025 aka soke wannan ƙa'ida. Mai ciki da ke tsoron zuwa awo ba ta daina ciki ba. Za ta zo ne a makare, da hawan jini ko jijjiga, lokacin da aikin ya fi wuya kuma ya fi tsada.

Lissafin da bai fito ba

Rahoton 2013 ya ce tsanani zai kashe jam'iyya. Trump ya yi akasin shawarar ya ci zaɓen 2016. A 2024 ma ya samu kusan kashi 46 na ƙuri'un 'yan Latin Amurka, abin da Romney ko a mafarki bai gani ba. Gundumar Starr a Tekzas, wadda kusan duk mazaunanta 'yan asalin Meziko ne, ta zaɓi ɗan Rifablikan karo na farko cikin fiye da shekara ɗari. Tsadar rayuwa ta taka rawa, haka ma cunkoson da aka gani a kan iyaka zamanin Biden. Baƙon da ya bi layi shekara goma ba lallai ne ya tausaya wa wanda ya tsallako jiya ba.

Batun ya zama jari a siyasa, har ana ganin ya fi amfani a bar shi ba magani. A Fabrairun 2024 Sanata James Lankford, riƙaƙƙen mai ra'ayin riƙau daga Oklahoma, ya tsara ƙudurin tsaurara kan iyaka tare da 'yan Dimokrat. Trump ya ce kada a amince, abokan Lankford suka watse suka bar shi.

Tsohuwar ɓarakar kuwa tana nan. A Disambar 2024 Elon Musk ya yi cacar baka da Steve Bannon kan bizar ƙwararru ta H-1B, wadda injiniyoyi da likitoci ke shiga da ita. A Yunin 2025 Trump da bakinsa ya ce manoma da masu otal na rasa ma'aikatan kirki, aka sassauta samame a gonaki, bayan 'yan kwanaki aka dawo da shi. A Satumba aka ɗora dala dubu 100 a kan sabuwar takardar neman H-1B, a ƙasar da kusan likita ɗaya cikin huɗu a waje ya yi karatu.

Abin da ya rage a hannunmu

Najeriya ba yau ta fara shiga wannan guguwa ba. A ƙarshen Janairun 2020 an hana 'yan ƙasar bizar zama ta dindindin, Biden ya ɗage ranar da ya hau mulki a 2021. Tun da majalisa ta kasa yin doka, umarnin shugaban ƙasa ke aiki, kuma umarni na iya sauyawa cikin dare ɗaya. Don haka kafin a biya kuɗin makaranta ko tikiti, a duba shafin ofishin jakadanci a ranar, kada a dogara da labarin bara ko na ejan.

Masu tunanin zuwa haihuwa don yaro ya samu fasfo su sani cewa tun Janairun 2020 jami'in biza na da ikon hana duk wadda ya gane wannan ce manufarta. A Janairun 2025 Trump ya ba da umarnin hana 'ya'yan marasa takardu da na baƙin wucin gadi zama 'yan ƙasa ta haihuwa, haƙƙin da ke cikin tsarin mulki tun 1868. Kotuna suka taka masa birki, shari'a ta kai kotun ƙoli.

Sai maganar wuce wa'adi, wadda ita ce hujjar da hukumomin Amurka ke yawan kawowa idan za su tsaurara wa wata ƙasa. Ranar da jami'i ya rubuta wa mutum a filin jirgi ita ce wa'adinsa, ba ranar ƙarewar biza ba. A dokar 1996, wanda ya wuce wa'adi da fiye da kwana 180 sannan ya fita, ba zai dawo ba sai bayan shekara uku. Wanda ya kai shekara guda, shekara goma ce. Wannan ya haɗa da kakar da ta je wankan jego, jika ya shiga ranta, ta ce bari ta ƙara 'yan watanni.