Tuƙi a Kan Tsoffin Hanyoyin Mahaƙa a Tsaunukan San Juan

Tsaunukan San Juan, da ke kudu maso yammacin jihar Kolorado ta Amurka, sun yi suna a wurin masu sha'awar tuƙa mota inda babu kwalta. Hanyoyin wurin na tsakuwa ne da duwatsu, kuma su suka haɗa ƙananan garuruwa huɗu: Ouray da Silverton da Telluride da Lake City. Kowace hanya sai ta haura wata mashiga a ƙoƙuwar tsauni kafin ta gangara ɗaya ɓarin. Mashigar Imogene ta kai kusan mita 4,000 daga doron teku, ta Black Bear da ta Engineer kowace kimanin mita 3,900, ta Cinnamon kuwa mita 3,850. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne kacal.

Asalin hanyoyin

Ba don mota aka fasa waɗannan hanyoyi ba, kuma wannan shi ne tushen duk wahalarsu. Yankin ƙasar ƙabilar Ute ce, har zuwa 1873 da yarjejeniyar Brunot ta raba su da shi. Daga nan mahaƙa suka yi ta kwarara neman azurfa da zinariya, suna kafa sansani a duk inda suka ga alamar ma'adini, komai tsayin wurin. Alfadarai da jakuna ke kai musu abinci da katako, su sauko da duwatsun da aka haƙo. Saboda haka faɗin hanya bai wuce abin da amalanke zai bi ba.

Wani ɗan kasuwa mai suna Otto Mears ya gina da yawa daga cikin hanyoyin yankin, yana karɓar kuɗi a hannun masu wucewa. Wadda ya sassaƙa a jikin dutse a kudancin Ouray cikin 1883 ita ce daga baya ta zama wani ɓangare na titin da ake kira Million Dollar Highway. Jirgin ƙasa ya isa Silverton a 1882. Amma a 1893 gwamnatin Amurka ta soke dokar da ta wajabta mata sayen azurfa, farashi ya karye, ramuka da yawa suka rufe. Zinariya ta riƙe wasu na ɗan lokaci: mahaƙar Tomboy ta kai 1927, ta Sunnyside kuma sai a 1991 ta daina aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da jif-jif na soja suka shiga hannun farar hula, sai tsoffin hanyoyin suka sami sababbin mabiya.

Manyan hanyoyin

Wadda aka fi bi ita ce Alpine Loop, zagaye mai kimanin kilomita 100 da ke haura Engineer da Cinnamon. A kanta ne kufan Animas Forks yake, garin mahaƙa da aka kafa cikin shekarun 1870 a tsayin mita 3,400, wanda gidajensa na katako ke tsaye har yau. Hanyar Imogene ta haɗa Ouray da Telluride, ta ratsa mahaƙar Camp Bird da kufan Tomboy. Ta Black Bear ce ake tsoro. Gangararta zuwa Telluride ƙunci gare ta, ga kwanoni masu kaifi da sai direba ya yi gaba ya yi baya kafin ya karya su, ga kwazazzabo a gefe. Shi ya sa aka mayar da wannan sashe na sauka kaɗai, ba a hawa ta nan. Tana wucewa kusa da magangarar ruwa ta Bridal Veil mai tsayin mita 111.

Mota da direba a sama

Iska tana raguwa gwargwadon yadda aka yi sama. Injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, don haka a kan mashiga mota ta yi asarar fiye da sulusin ƙarfinta. Ana bukatar mota mai tudu, wadda cikinta ba zai daki dutse ba, wadda injinta ke juya ƙafafu huɗu duka, mai ƙaramar giya ta musamman don tafiya a hankali. Direbobi kan rage iskar taya domin ta kama dutse da kyau. A gangara, ƙaramar giya ake sawa injin ya riƙe motar, domin taka birki ba sassauci na sa shi ya yi zafi ya daina kamawa.

Ɗan Adam ma ƙarancin iska na taɓa shi. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamu na farko, kuma idan suka tsananta, magani shi ne a sauko ƙasa nan take.

Idan motoci biyu suka haɗu a inda ɗaya kawai za ta iya wucewa, ƙa'ida ita ce mai gangarowa ya ba mai hawa hanya, ko da zai koma da baya zuwa wuri mai faɗi. Dalili shi ne komawa da baya a hawa ya fi sauƙin sarrafawa a kan komawa da baya a gangara.

Lokaci da haɗari

Dusar ƙanƙara kan toshe mashigun mafi yawan shekara. Galibi sai ƙarshen Yuni ko cikin Yuli ake buɗe su, bayan ƙananan hukumomi sun tura katafila ta share hanya, kuma zuwa ƙarshen Satumba ko Oktoba sun sake rufewa. A Yuli da Agusta hadari kan taso bayan azahar, da aradu da ƙanƙara, ruwa ya zaftaro ƙasa kan hanya. Don haka masu ƙwarewa sammako suke yi, su haye mashiga kafin rana ta take. Layin waya ba ya samuwa a wurare da dama, shi ya sa ake son a tafi da mota biyu, da ruwan sha, da kayan sanyi, da safayar taya.

Kare kufai da muhalli

Tsoffin ramukan haƙa tarko ne: katakon da ya tokare su ya ruɓe, iskar ciki na iya kisa, wani lokaci ma akwai ragowar nakiya. Doka ta hana ɗauke komai daga kufan da ke filayen gwamnati, ta kuma hana sauka daga hanya, domin ciyawar saman tsauni kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo daga sawun taya.

Har yanzu wasu ramukan na tsiyayar da ruwa mai guba. A watan Agusta na 2015, yayin wani aikin bincike na hukumar kare muhalli ta Amurka, kimanin lita miliyan 11 na gurɓataccen ruwa ya ɓalle daga mahaƙar Gold King kusa da Silverton, ya mayar da kogin Animas ruwan ɗorawa, ya gangara har ƙasar ƙabilar Navajo. A 2016 aka sa yankin cikin jerin wuraren da gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyin tsabtacewa, kuma aikin na ci gaba a gefen hanyoyin da motocin ke bi.