Zamiyar Ƙanƙara Bayan Furfura

Duk wanda ya taɓa kallon wasan zamiya a kan ƙanƙara a gasar Olamfik ta lokacin sanyi zai ɗauka wasan yara ne. Yana da hujja. Tara Lipinski 'yar Amurka shekararta 15 lokacin da ta ci zinariya a Nagano ta Japan a 1998. Bayan ce-ce-ku-cen da aka yi kan Kamila Valieva ta Rasha a Beijin a 2022, ita ma tana 'yar 15, hukumar wasan ta duniya, ISU, ta ɗaga shekarun shiga gasar manya zuwa 17. A wannan fage icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zakarun yawanci tun kafin su shiga firamare aka ɗaura musu takalmin.

Amma akwai wani fagen da talabijin ba ta cika nunawa ba. A garin Oberstdorf, cikin duwatsun kudancin Jamus, tun 2005 ake gasar duniya ta masu shekaru, galibi a watan Mayu. Sai wanda ya kai 28 ke shiga, kuma akwai rukunin waɗanda suka doshi 70 ko suka haura. Amurka ta riga su, domin ta fara tata gasar ta ƙasa a 1995 a Wilmington ta jihar Delaware. Masu zuwa ma'aikata ne, iyaye, 'yan fansho. Kuɗin mai horarwa, hayar fili, tufafi da na jirgi duk daga aljihunsu, abin da za su koma da shi gida kuwa lambar yabo ce kawai.

Kafin a gane wahalar, sai an dubi takalmin. A ƙarƙashinsa akwai ƙarfe mai kaurin kusan milimita 4, an ɗan rarake tsakiyarsa, ya zama yana da kaifi biyu, na ciki da na waje. Gwaninta duka a nan take, wato mutum ya karkata jikinsa ya hau kaifi ɗaya, ya zana baka a kan ƙanƙara ba tare da ya yi tangal-tangal ba. A gaban ƙarfen akwai haƙora da ake cakawa a yi tsalle, kuma su ne ke kifar da sabon shiga da fuska. Tsallen da kowa ke mafarki shi ne Axel, mai sunan Axel Paulsen ɗan Norwe da ya fara yin sa a 1882. Shi kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba, a sauka da baya a kan ƙafa ɗaya, don haka juyinsa ɗaya da rabi ne. Yaro kan same shi yana dariya. Babba na iya shekara da shekaru yana binsa.

Me ya sa? Ba ƙarfi kaɗai ba ne. Yaro in ya faɗi, kusa yake da ƙasa, ya kakkaɓe ya tashi. Magidanci kuwa kafin ya tashi sama ya riga ya lissafa ƙugunsa, wuyan hannunsa, da aikin da ke jiransa ranar Litinin. Wannan ɗar-ɗar ɗin ne ke sa kafaɗa ta sandare, tsallen ya lalace tun kafin ƙafa ta bar ƙanƙara. Shi ya sa da yawa ke sa wando mai soso a wajen horo, wasu har da hular kwano. Ga jiri kuma: juyin katantanwa a wuri guda yana buƙatar kunne da ƙwaƙwalwa su saba, sabon kuma ba ya zuwa a mako guda.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka tsara gasar Oberstdorf. An raba mutane ta hanya biyu a lokaci guda, ta shekaru da ta iyawa. Shekaru rukuni-rukuni ne na goma-goma. Iyawa kuwa mataki-mataki ce: tagulla, azurfa, zinariya, sai matakan ƙwararru na waɗanda suka yi wasan tun ƙuruciya. A matakin tagulla an hana Axel ma gaba ɗaya, tsalle mai juyi ɗaya kawai aka yarda da shi. Wani zai ce an rage wa wasan armashi. Ni gani nake an hana 'yar shekara 55 da ta fara jiya-jiya karya kanta don ta kamo wadda ta girma a filin. Alƙalai dai na gaske ne, suna ba kowane motsi makinsa, in ka faɗi kuma a zaftare.

Tsofaffin zakaru ma sukan leƙo. Midori Ito ta Japan, mace ta farko da ta sauke Axel mai juyi uku da rabi a gasa a 1988, wadda ta ci azurfa a Olamfik na 1992, ta je Oberstdorf a 2011 tana da shekara 41. Ta biyu ta zo a rukuninta. Ta sake komawa, sai a 2013 ta ɗauki na ɗaya.