Zaɓen mai haɗa na'urar sanyaya ɗaki a Tawa da arewacin Adar

Na'urar sanyaya ɗaki, wadda mutanen gari suka fi kira kilim, ta daɗe da fita daga ofisoshin gwamnati da bankuna ta shiga kantunan magani, ɗakunan shan magani da gidajen jama'a a birnin Tawa. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, ginin siminti mai rufin kwano kuwa yana riƙe zafin har tsakar dare. Irin wannan gini ya yawaita a Adar, don da yawa daga cikin 'yan ciranin da ke Abijan, Libiya ko Najeriya shi suke ginawa a gida, sannan su aiko da kuɗin kilim. Sau da yawa mai kuɗin ba ya nan ranar da za a haɗa, sai ƙane ko ɗa ya tsaya a kan aikin. Alhali daɗewar na'urar da yawan wutar da za ta ci sun fi dogara ga hannun wanda ya haɗa ta fiye da sunan kamfanin da ya ƙera ta.

Ana fara gane ƙwararre tun kafin a sayi komai. Wanda ya san aikinsa ba ya yanke girman na'ura ta wayar tarho. Zai zo ya auna ɗakin, ya duba rufin, kwano ne ko dabe, da silin ko babu, ya ga inda tagogi suke kallo, ya tambayi mutum nawa ke kwana ciki. A kasuwa da ƙarfin doki ake lissafi: doki ɗaya yana daidai da BTU wajen 9,000, ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000. Ƙaramar na'ura a babban ɗaki wuni za ta yi tana gudu ba hutu, ɗakin bai yi sanyi ba. Wadda ta yi wa ɗaki yawa kuma tana kunnawa tana kashewa a kai a kai, abin da ke gajiyar da kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗinta. Ɗakin laka mai kaurin bango, irin ginin da masallacin Yama na jihar Tawa ya samu kyautar Aga Khan da shi a 1986, bukatarsa ba ta kai ta ɗakin bulo mai girma ɗaya ba, wani lokacin ma fanka ta ishe shi.

Akwai wata alama a jikin na'ura da masu saye ba su cika kula da ita ba. Wadda aka rubuta wa T1 an gwada ƙarfinta ne a zafin digiri 35, mai T3 kuwa a digiri 46, don ƙasashe masu tsananin zafi aka yi ta. A watan Afrilun Abalak ko Cintabaradan bambancin yana fitowa fili. Mai haɗawa nagari yakan kuma faɗi gaskiya idan na'ura mai sanyaya iska da ruwa ta fi dacewa: ba ta cin wuta sosai, tana aiki ƙwarai a busasshiyar iskar rani, amma da damina ta kawo laima amfaninta ya ragu.

Sai batun wuta. Wani kaso na lantarkin da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake zuwa, an kuma taɓa katse layin daga watan Agustan 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ta ƙara wani abu, sai dai ɗaukewar wuta da raguwar ƙarfinta a bazara ba su zama tarihi ba. Ƙarancin ƙarfin wuta na cikin manyan abubuwan da ke ƙona kwamfuresa. Don haka wajibi ne mai haɗawa ya duba ko mitar wutar gidan za ta ɗauki ƙarin nauyi, ya ja wa kilim wayarta daban mai kauri, da makashinta, da wayar ƙasa, ya sa na'urar daidaita ƙarfin wuta inda ake bukata. Wanda ya ce a jona ta a soket ɗin da firji da talabijin suke kai, a sallame shi tun da wuri. Na'urorin zamani masu inbata sun fi tsimin wuta, sun kuma fi dacewa da faifan hasken rana, amma allon lantarkinsu ba ya jure hawa da saukar wuta, kuma ba kowane mai gyara ne ya iya shi ba. A tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa gyara irinta, da inda yake samo kayanta.

Ranar haɗawa ce ake ganin komai, kuma a nan ya kamata wakilin mai gida ya zuba ido. Bayan an ɗaure bututun jan ƙarfe tsakanin injin ciki da na waje, dole a zuƙe iska da danshin da ke cikinsu da famfon zuƙe iska, a bar shi ya yi aiki na ɗan lokaci ana kallon ma'auni, kafin a saki gas. Masu gaggawa sukan buɗe gas kaɗan ya yi fito, su ce ya kori iskar. Na'urar za ta yi sanyi a ranar, kowa ya yi murna, amma danshin da ya rage yana gauraya da man kwamfuresa ya riƙa cin ta daga ciki. Wanda ya zo ba famfo, ba ma'aunin matsin gas, ba sikeli, da sauransa. Haka nan a duba ko ya gwada kowace mahaɗa da ruwan sabulu, ya naɗe bututu da soso, ya karkata tiyon zubar ruwa waje. Injin waje a ɗora shi bisa ƙarfe, sama da yashi da bakin awaki, a inuwa mai shan iska, ba a bangon yamma da rana ke duka da la'asar ba.

"Gas ya ƙare, sai an ƙara" ita ce maganar da masu kilim suka fi ji. Gas ɗin ba kamar man mota yake ba, zagayawa yake a rufaffen bututu. In ya ragu, akwai inda yake yoyo, kuma mai gyara na gaskiya nemo wurin zai yi ya toshe kafin ya cika, ya cika da awo daidai da nauyin da ke rubuce a jikin injin. Mai ƙara gas duk bazara ba tare da neman ɓula ba ya samu abokin ciniki na dindindin ne kawai. Gas ɗin ma iri-iri ne, ba a gauraya su. Tsofaffin na'urori, har da na hannu da ke shigowa ta Ƙonni, da yawansu R22 suke amfani da shi, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta suka tsara ƙasashe masu tasowa su daina nan da 2030 saboda illarsa ga sararin samaniya. Sababbi suna zuwa da R410A ko R32, masu matsi fiye da na da, R32 kuma yana iya kama wuta. Araha ba ta ado: mai sayen ta hannu ya san gas ɗinta zai ƙara wuya.

Takardar shaidar makarantar koyon sana'a, CAP ko BEP a fannin sanyi, abin so ce, amma akwai gwanaye da a gaban maigida suka koya. Abin da ya fi shi ne a je a ga aikin da mutum ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce, a tambayi mai wurin. A nemi wanda ke da shago sananne, a karɓi rubutaccen ƙiyasi da ya raba kuɗin kaya da na hannu, da tsawon bututu, da watannin garanti, a kuma riƙe wani ɓangare na kuɗin sai na'ura ta yi kwanaki tana aiki. Mutanen Keita, Buza da ƙauyuka su daidaita tun farko kan wanda zai biya kuɗin mota idan aka kira shi gyara.

Ɗumama ɗaki ba babbar sana'a ba ce a nan, ko da yake sanyin Disamba da Janairu yana shiga jiki. Wasu na'urorin suna juyawa su ba da ɗumi, sai a tambaya wurin saye. Garwashin gawayi a rufaffen ɗaki dai yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda ke kisa cikin barci.

Ƙurar hunturu tana toshe ragar tace iska cikin 'yan makonni, wankinta kuma kowa zai iya a gida. Babban wanki na injin waje da binciken gas aikin mai gyara ne, lokacinsa kuwa Janairu ko Fabrairu, kafin zafi ya sa masu sana'ar su yi wuyar samu kuma farashi ya hau.