Kafin Ku Sa Hannu: Wace Tausa Ta Dace da Wane Ciwo?

'Yan'uwa mazauna Chagoua, da ku masu wuni a tsaye a kasuwar Dembe, da masu ɗauko kaya daga Kuseri ta gadar Ngueli: idan dare ya yi, baya da ƙafafu sukan yi tsami, sai a kira yaro ya zo ya yi tausa. Tausa magani ce, amma ba ga kowane ciwo ba. Ɗalibin da ke koyon wannan aiki, abin da ake fara koya masa shi ne inda ba a taɓawa.

Idan gajiya ce kawai, ku shafa man kaɗanya, ku fara da shafa mai laushi da tafin hannu, daga idon sawu zuwa gwiwa. Bayan nama ya saki, sai a murza shi a hankali, minti 10 zuwa 15. A baya kuwa, ku bi naman da ke gefe biyu, kada ku danna ƙashin tsakiya. Al'adar sa yaro ya hau bayan tsoho yana tattakawa, ni dai ban yarda da ita ba, domin ƙashin tsufa ba ya jure nauyi.

Ga inda na fi so ku natsu. Idan sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, musamman ga mai jego, ko wanda ya daɗe a kwance, ko wanda ya sauko daga doguwar tafiyar mota, kada a murza ta ko kaɗan. Mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. Murzawa na iya ɓalle gudan jinin ya tafi huhu, numfashi ya sarƙe. Asibiti za a nufa a ranar.

Sabon targaɗe ma ba ya son tausa a kwana 2 zuwa 3 na farko. A huta, a ɗaga ƙafar, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15. Idan ba a iya takawa, a je a ɗauki hoton ƙashi. Haka nan kada a taɓa ƙurji, rauni, ko jikin mai zazzaɓi. Cikin mai juna biyu kuma ba a murza shi da sunan gyara kwanciyar jariri; wannan aikin awo ne.

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko yaron da gaɓɓansa suka sandare, yana buƙatar ƙwararrun gashin ƙashi. Akwai su a cibiyar CARK da ke unguwar Kabalaye.