Sabon kiɗa, tsohuwar murya: Me ake nufi da rimis, kuma wa ke da haƙƙinsa?

Duk wanda ya halarci biki a Kambarawa, cikin birnin Katsina, a 'yan shekarun nan, da wuya bai ji muryar marigayi Alhaji Mamman Shata tana tashi daga lasifikar DJ ba, amma kiɗan da ke ƙarƙashinta ba kalangu ba ne, na kwamfuta ne. Wannan shi ne rimis: a ɗauki waƙar da aka riga aka naɗa, a sauya mata kiɗa ko sauri, a fitar da ita a sabuwar kama.

Dabarar ta yi ƙarfi ne a Jamaika a shekarun 1970, inda irin su King Tubby ke rage murya su fito da ganguna. Daga baya ta zama kasuwa mai zaman kanta. Ƙungiyar Scissor Sisters ta birnin New York, alal misali, ta fitar da ƙaramin kundi na rimis zalla a 2004. Irin wannan kundi, da bai kai cikakken faifai ba, shi ake kira EP.

Sai dai akwai bambanci. Mawaƙan Turai da Amurka na naɗar murya daban, kowane abin kiɗa daban, don haka mai rimis yana karɓar kaya a rarrabe. Shata kuwa da makaɗansa da 'yan amshi a zama ɗaya aka ɗauke su. Dole sai an yi amfani da manhaja an tsame muryar, kuma sau da yawa takan fito da rauni. Sannan kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshen Hausa, yana jiran mawaƙi idan ya ja numfashi. Kiɗan na'ura ba ya jiran kowa. Shi ya sa dattijo kan ji waƙar ya ce an ɓata ta, ko da bai iya faɗin inda ɓarnar take ba. A ganina, yawanci yana da gaskiya, duk da cewa ta wannan hanya ce matasa da dama suka fara sanin Shata.

Batun kuɗi ya fi sarƙaƙiya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999, ke nan haƙƙin yana nan har ƙarshen 2069. Na Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, zai kai 2083. Sauya wa waƙa fasali domin kasuwanci na buƙatar izinin mai haƙƙi, magada ne ko kamfanin da aka yi yarjejeniya da shi. Wannan ya shafi mai situdiyo, ya shafi mai ɗora waƙar a YouTube, haka ma mai shagon da ke tura ta a wayoyin jama'a yana karɓar kuɗi.